Kafin A Ɗora Auto-Tune: Abin Da Muryar Da Aka Ɗauka A Gida Ke Buƙata

Daga Hunƙuyi zuwa Tashar Yari, daga cikin garin Maƙarfi zuwa Paki a ƙasar Ikara, yanzu ba sai matashi ya hau mota zuwa Zariya ko Zoo Road a Kano ba kafin ya ji muryarsa a kan kiɗa. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka mai FL Studio, ko wayar Android mai BandLab, da ƙaramin makirufo, sun isa a haɗa waƙar biki ko ta siyasa ko ta bege. Wannan ci gaba ne na gaske. Amma duk wanda ya saurari waƙoƙin da ke fitowa daga waɗannan ɗakuna zai lura da ciwo iri ɗaya: kiɗa na tashi, murya na sheƙi kamar ƙarfe, sai dai ba a jin abin da mawaƙin yake faɗa.

Wannan kuwa babbar asara ce a waƙar Hausa. Uwar amarya da ta biya kuɗin waƙa sunan 'yarta da na danginta take son ji. Ɗan takarar kansila sunan mazaɓarsa yake jira. Mamman Shata ya rasu tun 1999, kuma yawancin faya-fayansa da kayan ɗauka na zamanin da aka yi su, amma har yau direbobi na rera baitocinsa domin kowace kalma tana fita sarai. Saboda haka ma'aunin zaɓen kowane fulogin ɗaya ne: ya ƙara wa kalma fitowa ko ya binne ta?

Akwai dalilin da ya sa Hausa ta fi wasu harsuna shan wahala a nan. A magana, karin sauti yana taimakawa wajen rarrabe ma'ana, amma da an shiga waƙa sai launin waƙar ya cinye wani ɓangare na wannan karin. Abin da ya rage wa kunne shi ne baƙaƙe da tsawon wasula. Bambancin kafa da ƙafa, ko kara da ƙara, ko bata da ɓata, ɗan ƙaramin sauti ne da ke wucewa cikin ƙiftawar ido. Sautin ƙ da ts musamman gajeru ne masu kaifi. Su ne farkon abin da ke mutuwa idan aka cika amsa-kuwwa, ko aka matsa wa manhajar goge hayaniya.

Kuskuren farko ba a cikin kwamfuta yake faruwa ba. Shagon siminti mai rufin kwano, babu silin, shi ne mafi munin wurin ɗaukar murya, domin sauti na dukan bango ya dawo cikin makirufo, kuma babu fulogin kyauta ko na kuɗi da zai cire shi tsaf bayan ya shiga. Injin niƙa ba ya tsince tsakuwar da aka kai masa cikin masara. Ɗakin da ke cike da katifa da labule da kafet da kayan sawa ya fi shagon nesa ba kusa ba. In babu, a jingina katifa biyu a kusurwa, mawaƙi ya tsaya tsakaninsu, a rataya bargo a bayansa. A kashe fanka ko da zafi ya yi yawa, a nisanta janareta, a zaɓi lokacin da babura da injin markaɗe suka yi shiru. Baki ya kasance kamar taƙi ɗaya daga makirufo, da safa mai tsabta a miƙe kan zoben waya a tsakani don tare iskar b da f. Ƙarfin ɗauka kuma kada ya taɓa ja; idan mafi ƙarar wuri yana tsayawa tsakanin -12 da -6 dB, ya wadatar. Muryar da ta fashe tun wajen ɗauka tana da wuyar magani.

Bayan wannan, fulogin na farko ya kamata ya zama mai ragewa. Ikwalaiza ke nan. Wutar lantarkin Najeriya tana gudana a 50 Hz, kuma wannan gunjin da ake ji a ƙasan murya idan kwamfuta na kan caji daga nan yake, tare da 'ya'yansa a 100 da 150. Cire caja a lokacin ɗauka yakan kashe shi gaba ɗaya. Sauran kuma a yanke duk abin da ke ƙasa da 80 zuwa 100 Hz, domin babu wani abin kirki na murya a can. Idan muryar ta yi kamar daga cikin tulu take fitowa, a ɗan rage tsakanin 200 da 400 Hz. Fitowar kalma tana zaune wajen 2,000 zuwa 5,000 Hz, kuma ɗagawa kaɗan ta isa. Ikwalaizar da ta zo da FL Studio za ta yi wannan aikin, haka ma TDR Nova da ake saukewa kyauta.

Sai kwamfuresa, wadda aikinta daidaita wurin da mawaƙi ya ɗaga murya da wurin da ya sassauta. Matsi na 3:1 ko 4:1 ya ishi yawancin muryoyi. Abin lura shi ne saurin kamunta: idan ta yi saurin cafka fiye da kima, kan baƙaƙen nan masu kaifi take faɗawa, sai ƙ ta koma k. Kuma duk abin da aka bari na hayaniyar ɗaki, kwamfuresa za ta ɗago shi sama, shi ya sa ake fara tsaftacewa kafin a zo gare ta.

Yanzu ga inda gardama take. Wani zai ce ai muryar Auto-Tune ita ce yayi, ita kunnen mutane ya saba da ita a waƙoƙin finafinan Kannywood, mawaƙin da ya fito babu ita za a ce waƙarsa ba ta ji sutudiyo ba. Wannan gaskiya ne, kuma babu laifi a ciki. Andy Hildebrand ya fitar da Auto-Tune a 1997 ƙarƙashin kamfanin Antares don gyaran da ba za a ji ba, sai waƙar Cher mai suna Believe ta 1998 ta mayar da wuce gona da iri salo, T-Pain ya gina suna a kai, mawaƙan Arewa kuma suka ba shi nasu launin. Salo ne halastacce. Matsalar ita ce yawancin masu ɗauka a gida ba salo suke yi ba, kuskure ne suke ɗauka salo.

Manhajar tana sauraron murya ne ta ƙiyasta sautin da ake nufi, sannan ta ja shi zuwa mafi kusa cikin jerin da aka ba ta. Idan jerin bai dace da kiɗan ba, za ta ja mawaƙi zuwa sautin da ba shi ne ba, da cikakken ƙarfin hali. Idan aka bar mata dukkan sautuka goma sha biyu a buɗe, sai ta riƙa rawa tsakanin maƙwabta biyu, wannan karkarwar da ake ji kamar akuya. Waƙoƙin Hausa da yawa a kan sautuka biyar suke tafiya. Wanda ya zauna da fiyano ya gano waɗannan biyar ɗin, ya kashe sauran, ya riga ya warware rabin matsalarsa. Maɓallin Retune Speed kuma shi ke yanke hukunci: a sifili muryar mutum-mutumi ce, a wajen 20 zuwa 40 gyara ne da ke barin lanƙwasar murya da rai. Mai waƙar bege da ke jan baiti yana karya murya zai yi asarar abin da ya fi iyawa idan ya sa sifili. Sannan gunjin wuta da amsa-kuwwar ɗaki suna ruɗa ƙiyasin manhajar, don haka mai son muryar ƙarfen ma yana buƙatar ɗauka mai tsabta.

Ba dole ne a nemi fasasshen Auto-Tune ba. Graillon na Auburn Sounds yana da nau'in kyauta, MAutoPitch na MeldaProduction ma kyauta ne. Fasassun manhajoji da ake yawo da su a filash hanya ce sananniya ta shigar ƙwayoyin cutar kwamfuta, kuma kwamfuta mai RAM 4GB da aka ɗora wa fulogin goma a layi ɗaya sai ta fara tsinkewa ana tsakiyar baiti.

Ribab, wato amsa-kuwwar da ake ƙirƙira da gangan, shi ne ya fi kowa ɓarna domin a cikin abin kunne yana da daɗi ƙwarai. Mawaƙi na jin kansa kamar a babban zaure sai ya ce a ƙara. Amma waƙar ba a abin kunne za a ji ta ba. A sifikar waya za a ji ta, da akwatin Bluetooth a shagon aski, da lasifikar gidan biki a fili ko a tsakar gida mai bangon siminti, wanda zai ƙara nasa amon a kan na kwamfuta. Gara a sa ɗan kaɗan a layi na daban, a ɗaga har a fara jinsa, sannan a koma baya kaɗan. In ana son faɗi ba tare da hazo ba, maimaici mai bin bugun kiɗa ya fi: a raba 60,000 da saurin kiɗan, wato kiɗa mai bugu 100 a minti yana ba da milisakan 600, rabinsa 300.

Shiryayyun saituka masu manyan sunaye da ake saukewa daga YouTube kuwa an ɗinka su ne a jikin wata murya, da wani makirufo, a wani ɗaki, kuma galibi a kan Turanci.

Gwajin ƙarshe ba ya buƙatar ko sisi. A tura waƙar cikin ƙaramar waya, a kai wa wanda bai taɓa jin baitocin ba, ko mai shayi ne ko ɗan acaɓa a bakin tasha, a ce ya maimaita amshin. Inda ya yi tuntuɓe, nan za a koma a rage wani abu. Idan za a aika wa mai biki ko masu tura waƙoƙi a kasuwa ta WhatsApp, a aika fayil ɗin kansa a matsayin takarda, kada a kunna shi a sake ɗauka da saƙon murya, domin saƙon murya matse sauti yake yi don magana, kuma kaifin baƙaƙen da aka sha wahalar karewa shi zai fara zubarwa.