Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: A daina ɗora wa babbar talabijin laifi

Wani abu ya faru a layinmu kwanan baya wanda ya sa na ga ya zama dole in ɗauki alƙalami. Wani maƙwabcina ne ya yi ta tari har ya sayo talabijin ta bango, mai inci 55. Ya jona mata dikodarsa mai naɗar shiri da tsohuwar na'urar faifai, iyali suka taru za a kalli shirin da uwargida ta naɗa. Ana kunnawa sai murna ta koma ciki. Fuskokin 'yan wasa kamar an shafe su da laka, rubutu ya yi gashi-gashi, in aka zo wurin rawa kuma sai hoton ya farfashe kamar tayil ɗin banɗaki.

Washegari ya koma kanti ya ce an sayar masa da jabu. Da hakan bai yi ba, sai ya huce kan yaron da ya kafa masa ita, wai ya cire wani abu a ciki. Har ana maganar 'yan sanda! Jama'a, ina adalci a nan? Ni dai na ce talabijin ɗin nan ba ta da laifi, yaron ma ba shi da laifi. Talabijin madubi ce, abin da aka ba ta shi ta nuna.

Bari mu yi lissafi, don kada a ce son raina nake faɗa. Kowane hoto na bidiyo ɗigo-ɗigo ne aka jera. Faifan VCD, wanda a kansa finafinanmu suka yi tashe bayan zamanin kaset, ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye, wato dubu 101 da 'yan kai. DVD kuwa 720 ne sau 576, kimanin dubu 415. To ita talabijin ta zamani mai cikakken HD tana da 1920 sau 1080, sama da miliyan 2 ke nan, mai 4K kuma ta haura miliyan 8. Ka ga in ka sa VCD a mai 4K, kowane ɗigo guda sai an ja shi ya rufe gurbin kusan 80. Ɗauki hoton fasfo ɗinka ka kai a faɗaɗa maka shi ya kai girman ƙofar gida, sannan ka zo ka gaya mana ko ka gane kanka. Tsohuwar talabijin mai ƙusumbi, 'yar inci 14 ko 21, rufa mana asiri kawai take yi. Aibin yana nan tun da can, ƙanƙantar fuskarta ce ta ɓoye shi.

Ban ce babu abin da za a iya gyarawa ba. A gabana yaron nan ya yi abubuwa huɗu, cikin minti 10. Na farko, ya cire wayar nan mai kai uku, ja da fari da ruwan ɗorawa. Mai ruwan ɗorawar ita kaɗai ke ɗauke da hoto, ta cakuɗa haske da launi a hanya ɗaya, kuma ba ta iya ɗaukar HD ko da dikodar tana da shi. Ya sa wayar HDMI a madadinta. Na biyu, ya shiga saitin dikodar ya tarar tana fitar da hoto a 576, ya mayar da ita 1080. Na uku, ya rage kaifin hoto da ƙarfin launi na talabijin ɗin, domin yawanci da saitin kanti suke zuwa, wanda aka ƙure don ya ja idon mai saye, shi kuwa wannan saiti ƙara fito da dattin hoto yake yi. Na huɗu, ya mayar da tsofaffin finafinai kan ma'auninsu na 4:3 maimakon 16:9, sai ga jaruman da suka koma gajeru masu kumatu sun dawo siffar da Allah ya yi su. Shirin da aka naɗa daga tashar HD ya fito tas, har zaren hular jarumi kana gani. Maigida ya yi tsuru-tsuru.

Amma tsofaffin faya-fayan fa? Ko gezau. A nan ne gizo ke saƙar, kuma a nan nake da magana da mutane uku.

Na farko mu kanmu 'yan kallo. Na'urar naɗa a faifan DVD tana ba ka zaɓi: SP awa 2, LP awa 4, EP awa 6 ko fiye. Faifan dai guda ne, gigabait 4.7, ba ya ƙaruwa. Mu kuwa kullum EP muke dannawa don kada mu sayi faifai na biyu. Gwangwanin madara ɗaya ne ka haɗa wa mutum 20 shayi da shi, sannan kana faɗa wai ya yi salam. Haka ita ma dikoda, abin da tasha ta turo shi take adanawa. In tashar ba HD ba ce, ko wayar zinare ka sa ba za ta zama HD ba.

Na biyu 'yan kasuwa da masu tura finafinai a waya. Wa ya manta lokacin da ake cusa finafinai shida ko takwas a faifai ɗaya, mu kuma muna rububi muna cewa an yi mana araha? Ai araha ba ta ado. Daga baya aka koma matse fim ya zama ɗan mitsitsi don ya shiga memorin waya. Su sun karɓi kuɗinsu sun yi gaba, yau talabijin da mai gyara ke shan zagi.

Na uku, kuma su suka fi ba ni takaici, furodusoshinmu. Tun daga *Turmin Danya* a 1990 masana'antar nan ke fitar da finafinai. Da yawa daga na shekarun 2000 da kyamarar MiniDV aka ɗauke su, wadda kaset ɗinta ke riƙe da 720 sau 576, wato ninki huɗu na abin da VCD ya kawo mana gida. Ma'ana, asalin fim ɗin ya fi wanda muka gani kyau nesa ba kusa ba. To don Allah ina waɗannan kaset-kaset na asali? Me ya sa in mutum ya nemi tsohon fim a YouTube sai ya tarar da kwafin kwafin VCD, da tambarin wani ɗan kasuwa yana yawo a kan fuskar jaruma? Kaset ba dutse ba ne, zafi da ƙura da laima suna cin sa. Na'urorin karanta shi ma ƙarewa suke yi, domin tun 2016 kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera bidiyon VHS, ya daina. Duk furodusan da ya bar kaset ɗinsa a kwali ƙarƙashin gado, ya sani tarihinmu ne yake ruɓewa a can.

Wani zai ce ai sababbin talabijin suna da fasahar gyara hoto da kansu. Gaskiya ne, amma cike gurbi suke yi da kintace. Abin da kyamara ta ɗauka aka zubar wajen matsewa, babu injin da zai dawo da shi yadda yake.

Don haka kafin ka ɗauki talabijin ka koma kanti da faɗa, duba wayarka, duba saitin na'urarka, duba abin da ka zuba mata. Ku kuma furodusoshi, ku fito da kaset-kaset ɗin nan a juye su a kwamfuta tun ana samun na'urar juyewa. Shi kuwa maƙwabcina, har yanzu ina jiran ranar da zai je ya ba yaron nan haƙuri a gaban mutanen da ya kira shi ɓarawo. Allah ya sa mu gane, amin.