Yawon da Ba Ya Buɗe Ido

Hausawa sun yi wa tafiyar shaƙatawa suna mai daɗi, suka kira ta yawon buɗe ido, kuma tun muna yara ake gaya mana cewa tafiya mabuɗin ilimi ce. Ni kam ban yarda sunan ya dace da irin tafiyar da kamfanoni ke tallatawa a yau zuwa tsofaffin biranen Turai da gonakin inabinsu ba. Hoto suke sayarwa, kuma hoton ba ya yin kyau sai an kawar da mutanen da ke cikinsa.

A dubi Benis ta ƙasar Italiya, birnin da aka gina bisa ƙananan tsibirai fiye da ɗari, inda kwalekwale ke yin aikin mota. A 1951 mutanen da ke zaune a tsohon garin sun kai kusan 175,000. A 2022 ba su cika 50,000 ba. Ba annoba ce ta kore su ba, ba kuma yaƙi ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne mai gida ya gano cewa bai wa baƙon kwana biyu haya ta Airbnb ya fi riba a kan ajiye magidanci da iyalinsa, sai magidancin ya tattara komatsansa ya haye Mestire, can kan tudu. Da ya tafi, mai burodi da mai gyaran takalmi suka rasa abokan ciniki, shagunansu suka koma wuraren sayar da tsarabar gilashi. A 2023 gadajen da aka tanadar wa baƙi sun zarce yawan mazauna garin. Muna cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, to ga garin da raɓa ta zauna daram, kaba ta ƙaura. Ranar 25 ga Afrilun 2024 hukuma ta fara karɓar yuro 5 daga masu zuwa yini guda, 'yan garin kuwa suka fito zanga-zanga a ranar. Suna da gaskiya. Wurin da ake yankar tikiti kafin a shiga gidan kallo ne, su kuma ba su yarda su zama abin kallo ba.

Za a ce da ni ai baƙi ne ke kawo kuɗi. Suna kawowa, amma aljihun wa yake shiga? Wanda ya sauka daga ƙaton jirgin ruwa ya yi kalaci a jirgi, a can zai kwana, abin da ya bar wa gari bai wuce cunkoso da shara ba. Sai a 2021 gwamnati ta hana irin waɗannan jirage ratsa tsakiyar birnin, bayan UNESCO ta yi barazanar sanya shi cikin wuraren tarihi da ke cikin haɗari.

Gonakin inabi sun fi birane iya ɓoye mutane. Ba zancen haramcin giya nake yi ba, wannan fagen malamai ne. A yankin Shamfen na Faransa ana zagayawa da baƙi cikin rumbunan ƙarƙashin ƙasa, a nuna masu tuddai kore shar, a ba su labarin al'adar ɗaruruwan shekaru. Dokar yankin ta ce da hannu za a tsinke inabin, saboda haka kowace kaka ana bukatar 'yan ƙwadago kimanin dubu ɗari. A Satumban 2023 aƙalla huɗu daga cikinsu sun mutu cikin tsananin zafi. A wannan kakar kuma aka gano mutum fiye da hamsin, galibinsu daga Mali da Muritaniya da Senegal, an cusa su cikin wani kangon gida mai ƙazanta. A 2025 kotu ta sami mutum uku da laifin fataucin bil Adama. Babu takardar talla ko ɗaya da ta ɗauki hoton wannan kango.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu halinmu su ma sun shiga sahu. Suna biyan yuro 90 kuɗin biza, su jure wulakancin layi, su je su tsaya a gadar da kowa ya tsaya, su ɗora hoton a Instagram, su dawo ba su san sunan ko mutum ɗaya a garin ba. An ce baƙo ko da ido makaho ne, amma baƙon da can yakan nemi ɗan jagora ya yi tambaya. Na yanzu wayarsa ce 'yar jagorarsa.

A Janairun 2017 wani matashi ɗan Gambiya mai shekara 22 ya nutse a babbar mashigar ruwan Benis, ido na ganin ido. Daga jiragen da ke kusa an jefa masa robar ceto, amma babu wanda ya faɗa ruwan, wasu ma ihun zagi suka yi masa. Akwai waɗanda suka ɗaga waya suka ɗauki bidiyonsa.