Wata Huɗu Ba Su da Yawa

A wannan wata za mu yi magana a kan 'ya'yanmu na manyan makarantu waɗanda akan tura su wuraren aiki domin su koyi sana'a da hannunsu, watau abin nan da ɗalibai ke kira Ai-Ti.

Kwanan baya tsofaffin ɗalibanmu biyu suka zo makaranta gaishe mu. Dukansu suna karatun aikin lantarki a kwalejin fasaha, dukansu kuwa sun gama wata huɗunsu na wurin aiki. Akwai wata fanka a ajinmu da take ƙugi amma ba ta juyawa sai an tura ta da sanda. Muka ce, to, ga masana sun zo. Ɗaya ya kashe wuta, ya hau tebur, ya duba, ya ce kafasita ce ta mutu. Aka sayo sabuwa, ya sa, fanka ta tashi. Ɗayan kuwa yana tsaye, hannu a baya, yana kallo. Da muka bincika, sai muka ji na farkon ya yi watanninsa a shagon wani mai gyaran fankoki da injin famfo. Na biyun kuwa an kai shi ofishin abokin kawunsa ne, inda aka ce ya tafi gida ya huta, in lokaci ya cika ya zo a sa masa hannu. Takardarsu za ta zama iri ɗaya, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Domin a guje wa irin wannan ne aka kafa shirin tun farko. A shekarar 1971 Gwamnatin Tarayya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikata, watau ITF, wanda babban ofishinsa yake a Jos. A 1973 kuma asusun ya fara shirin SIWES, gama masu masana'antu suna kuka cewa yara suna fitowa da ilimin littafi amma ba su san kayan aiki ba. Ɗalibin difloma a kwalejin fasaha yakan yi wata 4, na jami'a kuwa yawanci wata 6. Mu yi lissafi. Wata 4 mako 17 ne ko kusa da haka. In ana aiki kwana 5 a mako, duka kwana 85 ke nan. Wanda ya zubar da kwana 20 wajen makara da fashi ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na damarsa.

Na farko, maganarmu da iyaye ce. Sa'ad da yaro ya kawo wasiƙar neman wuri, kada mu tambaya ina ne akwai sanyi da kujera mai laushi. Mu tambaya ina ne za a bar shi ya taɓa aiki. Ƙaramin gareji inda zai riƙe sufana ya fi masa babban ofishi inda zai wuni yana danna waya. In kuwa wani ɗan'uwa ya ce zai sa hannu ba tare da yaro ya je ba, mu gode masa, mu ƙi. Wanda ya karɓa ya koya wa ɗansa ƙarya, ya kuma hana shi sana'a.

Na biyu, ku matasa, ku bar girman kai a ƙofa. Sau da yawa wanda ya fi kowa sanin aikin tsohon bakanike ne ko mai walda da bai gama firamare ba, amma ya shekara ashirin yana yi. In ya ce ka share wuri ko ka wanke kayan aiki, ka yi da fara'a, gama ta nan za ka san sunan kowane abu da wurin ajiye shi. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ka yi tambaya, amma ka san lokacinta. Ba sa'ad da mai gida yake fama da mai kaya ba, sai hannunsa ya sauka. In an nuna maka sau ɗaya, ka roƙa a bar ka ka gwada yana kallo.

Na uku, littafin nan da makaranta ke ba ku, wanda kuke rubuta aikin kullum, shugaban wurin aiki kuma yana sa hannu mako mako. Mun san waɗansu sukan bar shi sai daren ƙarshe, sa'an nan su kwafi na aboki. Ka rubuta kowace yamma tun abin yana kanka: me aka kawo, me ya lalace, yaya aka gane, da me aka gyara. Ka zana hoton abin in ya yiwu. In ka yi kuskure, ka rubuta shi ma. Ranar da za ka tsaya gaban malamanka kana bayani, wannan littafi ne zai cece ka, bayan shekaru kuma za ka koma gare shi.

Na huɗu, aminci. Ka riga mai gida zuwa. Kada ƙusa ɗaya ta bi ka gida. In ka fasa abu, ka faɗa da bakinka kafin a gano. Asirin wurin aiki da na masu kawo kaya kuma ka bar shi can. Ke kuma 'yarmu, in wani babba ya fara maganar da ba ta aiki ba ce, kada ki yi shiru don tsoron rasa sa hannu. Ki gaya wa iyayenki da malamin da makaranta ta sa ya duba ku, gama ana iya sake wuri.

Mu iyaye kuma kada mu ce mun tura shi ke nan. Yawancin wurare ba sa biyan ɗalibi abin kirki, saboda haka mu tanadi kuɗin mota da na abinci tun da wuri. Da dare mu tambaye shi abin da hannunsa ya yi yau. In mako ya wuce ba shi da amsa, lalle akwai abin dubawa.

Ranar tashi, yaro ya bi kowa ya yi godiya, har da mai gadi, ya kuma riƙa kai gaisuwa bayan haka. Wancan ɗalibin namu da ya gyara fanka, mai shagon ya ce ya riƙa zuwa duk hutu, zai riƙa ba shi na sabulu. Shi kuma ɗayan ya roƙi abokinsa ya tafi da shi, muka ce ya yi daidai, gama bai makara ba tukuna.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.