Inuwar da Kano ta Yayyanka Fulotai

Wanda ya tashi a Janbako, ko a ƙauyukan da ke tsakanin Maradun da Bakura, bai taɓa neman wurin shan iska ba, domin yana da shi tun kafin ya san sunansa. Akwai dandali, akwai inuwar da dattawa ke shimfiɗa tabarma bayan la'asar, akwai fadama da bakin gulbi. Sai ranar da ya sauka Kano cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ya nemi inda zai zauna da 'ya'yansa ba tare da an tambaye shi abin da zai saya ba. Amsar da zai samu kusan guda ce: Gidan Zoo, shi ma sai da tikiti.

Gwamna Audu Bako ne ya kafa gidan a 1971, lokacin da wurin ke bayan gari. Yau gine-gine sun kewaye shi ta ko'ina, ya zama tsibirin itatuwa a tsakiyar kankare. Duk wanda ya ga cincirindon da ke shiga ran Sallah ya san ba zaki da jimina kaɗai ke kawo mutane ba. Iyali na zuwa da abincinsu, su nemi gindin bishiya su wuni. Duk da haka, a 2020 gwamnatin jiha ta bayyana shirin mayar da gidan Tiga, tafiyar kusan kilomita 70, bisa dalilin cewa hayaniyar gari na damun dabbobi. Kanawa da yawa sun karanci maganar da wata fassara, suka yi ta tambayar wa zai gaji filin. Gidan na nan har yanzu, amma tambayar ba ta tsufa ba.

Abin mamaki shi ne Kano ta fi yawancin biranen Afirka sanin darajar fili. Da Bature Clapperton ya shigo birnin a 1824, ya rubuta cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar da ke cikin ganuwa ba, sauran gonaki ne da lambuna. Da gangan magabata suka yi haka, don in yaƙi ya rufe ƙofofi a sami abin nomawa da wurin kiwo. Gidan Rumfa na da Shekarsa mai itatuwa. Kowace unguwa na da kududdufinta, inda aka haƙi ƙasar gini, ruwan damina kuma ya sami masauki. Sunayen unguwanni ma shaida ne: Kurna, Giginyu, Rimin Kebe, Durumin Iya, Gandun Albasa. Mai neman albasa a Gandun Albasa yau sai dai ya nufi mai tebur.

Turawan mulki sun kawo nasu salon, filin sukuwa da na folo da na golf a gefen Nasarawa, amma don kansu suka yi, kuma suka bar sarari tsakanin unguwarsu da ta 'yan ƙasa. Daga nan ne talaka ya ɗauki wurin shaƙatawa a matsayin kayan manya. Wannan fahimta ta yi wa birnin illa, domin abin da mutane ba su ɗauka nasu ba, ba sa tashi su kare shi.

Sauran aikin doka ce ta ƙarasa shi. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna a matsayin amana. A aikace, sa hannu ɗaya ya isa ya mayar da filin wasan makaranta rukunin shaguna. An cike kududdufai an yi gini a kansu, ruwan da ya rasa masauki ya koma kwana a ɗakunan mutane duk Agusta. An yanka jikin badala, an yanka gefen maƙabartu da masallatai. Sai a watan Yunin 2023 sabuwar gwamnati ta fito da motocin rusau, ta rushe shagunan da aka gina a Filin Sukuwa da Filin Idi na Ƙofar Mata. Wasu sun yi tafi, wasu sun yi kuka, kotun tarayya kuma ta yanke diyyar naira biliyan 30 ga 'yan kasuwar Filin Idi. Gwamnati ɗaya ta sayar, wata ta rushe, baitulmali ya ɗauki bashin. A duk wannan rigima da wuya aka ji wanda ya kawo maganar dasa itace a wurin.

Masu cewa birni mai fama da talauci ba shi da sukunin lambu suna da hujja, domin shago na ciyar da iyali. Sai dai wanda ke da na'urar sanyaya ɗaki da farfajiyar gida ba ya bukatar inuwar gwamnati. Mai bukatarta shi ne ɗan haya mai ɗaki ɗaya a Kurna ko Brigade, wanda rufin kwano ke gasa shi da dare, yaransa kuma ke buga ƙwallo tsakanin Adaidaita Sahu. Alƙahira ta fi Kano cunkoso nesa ba kusa ba, amma a 2005 ta buɗe lambun Al-Azhar mai kimanin hekta 30 a kan jujin da aka shafe ƙarnoni ana zuba masa shara.

Garuruwan Zamfara ne ya kamata su fi kowa nazarin wannan labari. Rashin tsaro ya kwaso mutanen karkara ya zuba su Gusau da Talata Mafara, unguwanni na tsirowa a gonakin jiya, dillalan fili kuma ba sa barin ko taku goma. Abin da Kano za ta kashe biliyoyi kafin ta dawo da shi, Talata Mafara na iya keɓe shi yanzu da kuɗi kaɗan, a hanyar madatsar ruwa ta Bakolori ko a gefen sababbin unguwanni. Kalmar ma tana nan cikin harshe: hurumi, ƙasar da gari ya keɓe ba ta kowa ba. Kuma tun da sa hannun gwamna ba ya ɗaure wanda zai gaje shi, hanya mafi ƙarfi ita ce wakafi, wanda shari'a ta hana a sayar ko a gada. Zamfara na da hukumar zakka da wakafi. Masu hali sun saba ba da fili don masallaci da makaranta, kuma babu abin da ya hana a rubuta takardar wakafi a kan hekta biyu na darbejiya da mangwaro, da rijiya, da wurin zaman mata da yara.