Garin Neman Gira Kada A Rasa Ido

Duk wanda ya zauna a unguwa mai cunkoson gidaje kamar Unguwar Mu'azu a Kaduna ya san wannan hali. Mutum yana cikin ɗaki, magana ta riƙa yankewa, sai ya fita tsakar gida ko ƙofar zaure yana ɗaga waya sama. Saboda haka ne waɗansu masu hali su ke sayen na'urar nan ta ƙara ƙarfin sabis, wadda a ke kira busta, su kafa eriyarta a kan rufi. Muna so mu jawo hankalin jama'a, musamman malaman makaranta da ma'aikatan ofis, cewa wannan magani sau da yawa ya fi ciwon muni.

Bari mu fara daga tushe. Oba-oba ta 'yan sanda ba ta faɗi da saurare a lokaci guda. Sai ɗaya ya gama, ya saki maɓalli, sa'an nan ɗayan ya amsa. Wayar salula kuwa ta ba mu damar faɗi da ji tare, kamar masu hira a zaure. Abin da wuya ƙwarai, domin muryar da na'ura ke fitarwa tana kusa da kunnenta, wadda ta ke jira kuwa daga nesa ta ke zuwa a raunane. Misalinsa kamar makaɗin kalangu ne da ke ƙoƙarin jin raɗa daga bayan kasuwa alhali yana tsakiyar kiɗa.

Masana sun bi hanya biyu don warware wannan. Ta fari ita ce raba zango. A tsarin GSM, wanda ya soma aiki a Nijeriya cikin 2001, akwai zangon da waya ke aikawa zuwa ƙarfen sabis tsakanin megahaz 890 da 915, shi kuma ƙarfen ya amsa tsakanin 935 da 960, watau tazarar megahaz 45 tsakanin tafiya da dawowa. Ta biyu ita ce raba lokaci: zango ɗaya ne, amma a na karɓa-karɓa cikin saurin da kunne ba ya ganewa. Haka 5G ke aiki a zangon gigahaz 3.5, wanda Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjonsa ranar 13 ga Disamba 2021, inda kamfanonin MTN da Mafab su ka yi nasara.

Akwai kuma hanya ta uku da a ke ta bincike a kanta: a faɗa a ji a zango ɗaya kuma a lokaci ɗaya. Dabarar ita ce, tun da na'ura ta san abin da ta faɗa, sai ta ƙera kishiyarsa ta soke shi kafin ya toshe mata kunne. Cikin 2013 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka su ka nuna na'urar da ta rage amon kanta da desibel 110, watau sau biliyan ɗari. In wannan ya kankama, zango ɗaya zai iya ɗaukar kusan ninkin abin da ya ke ɗauka.

To, jama'a, a dubi irin wahalar da gwanaye ke sha don na'ura kada ta kurumtar da kanta, sa'an nan a dubi busta ta kasuwa. Aikinta shi ne ta kama sigina da eriyar waje, ta ƙara mata ƙarfi, ta watsa a ɗaki, ta kuma mayar da ta ɗaki zuwa waje. Idan eriyar ciki da ta waje sun yi kusa, ko na'urar ba ta da inganci, sai ta riƙa jin kanta tana sake ƙarawa. Kowa ya san ƙugin da lasifikar masallaci ke yi sa'ad da makirfo ya kusance ta. Wannan ƙugi ne busta ke yi, sai dai kunnen mutum ba ya jinsa. Ƙarfen sabis ne ke ji, a daidai zangon da ya ke sauraron wayoyin unguwa, waɗanda ƙarfinsu a GSM bai wuce wat 2 ba. Mai gida yana murna sandunan wayarsa sun cika, maƙwabta kuwa kiransu na yankewa, ba su san dalili ba. A cikinsu akwai mai neman mota da tsakar dare don matarsa na naƙuda, da ɗalibi mai cika takardar jarrabawa ta intanet.

Ba ra'ayinmu kaɗai ba ne. Dokar Sadarwa ta 2003 ta hana haɗa na'urar da hukuma ba ta amince da ita ba da layukan sadarwa, kuma cikin 2021 NCC ta yi gargaɗi a fili ga masu sayar da busta da masu amfani da ita ba da izini ba, cewa akwai tara ko ɗauri.

Amma ba za mu ɗora laifi duka a kan talaka ba. Ba don nishaɗi mutum ke kashe kuɗinsa a kan busta ba, sai don sabis ɗin da ya biya bai iso ɗakinsa ba. Lalle ne kamfanoni su ƙara turaka inda jama'a su ka yi yawa, su kuma kafa na'urori masu izini a manyan gine-gine, hukuma kuma ta tsare shigowar na jabu tun daga tashar jiragen ruwa.

Mu kuma ga namu aikin. Wanda sabis ya yi wa rauni ya kai kuka ga kamfaninsa, in ba a share masa hawaye ba ya kira NCC a lamba 622, kyauta ne. Kukan unguwa guda ta hannun mai unguwa ya fi na mutum ɗaya nauyi. Malamai kuwa su bayyana wa yara wannan misali na lasifika a darasin kimiyya, domin yaro ya kan kai gida abin da ya gane. Sararin nan da igiyoyin waya ke bi rijiyar unguwa ce, wanda ya gurɓata ta kuwa har da shi za a sha. Allah ya sa mu gane, amin.