Lafiyar Iyali: Rage Ƙiba da Sikeli, da Igiya, da Littafi

 A wannan wata za mu yi magana a kan ƙiba, da yadda mai son rage ta zai san ko yana cin gaba ko kuwa yana tsaye wuri ɗaya.

A ƙasarmu an saba ɗaukar ƙiba alamar hutu. In maigida ya ajiye tumbi sai a ce arziki ya zauna. In amarya ta yi jiki sai a yabi mijinta, a ce ya iya riƙo. Amma likitoci sun daɗe da gane cewa kitse mai yawa, tun ba wanda ya taru a ciki ba, yana jawo hawan jini, da ciwon sukari, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, ga kuma ciwon gwiwa. Cututtuka ne masu cinye kuɗin gida, sau da yawa kuma sukan kama mutum daidai lokacin da yara ke makaranta, iyali duka na dogara gare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022, cikin kowane mutum takwas a duniya ɗaya yana fama da ƙiba mai yawa.

Da yawa sukan fara da zafi. Su daina cin tuwon dare, su fita yawo da asuba, bayan mako uku kuwa su watsar, gama ba su ga wani canji ba. Sau da yawa canjin yana nan, awon ne ba a yi shi daidai ba. Kayan awon kuwa uku ne kawai: sikeli, da igiya, da littafin rubutu irin na 'yan makaranta.

Ku fara sanin inda kuke

Akwai lissafin da ake yi a asibiti don a gane ko nauyin mutum ya dace da tsawonsa. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, shi ya fara shi tun wajen 1830. Ga yadda ake yi. A auna tsawo da mita, a ninka shi da kansa, sa'an nan a raba nauyin mutum da abin da aka samu.

A ce wata uwargida tana da tsawon mita 1.60, nauyinta kuwa kilo 80. In an ninka 1.60 sau 1.60 za a sami 2.56. In an raba 80 da 2.56 za a sami 31 da ɗan kai. Daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 nauyi ya yi daidai. Daga 25 zuwa ƙasa da 30 ya fara wuce kima. Daga 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce mai bukatar a kula. Wannan lissafi na manya ne, ba a yi wa yara ko mace mai ciki.

Wanda lissafi bai dame shi ba, sai ya ɗauki igiya. A yanka ta daidai tsawon mutum daga tafin ƙafa zuwa tsakiyar ka, a ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita kaɗan sama da cibiya. In bakin igiyar ya haɗu, madalla. In bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, gama bai kamata faɗin cikin mutum ya wuce rabin tsawonsa ba. In akwai tef ɗin tela a gida, namiji kada ya wuce inci 37, mace kuma inci 31 da rabi. A auna bayan an saki numfashi, ban da shanye ciki.

Nawa za a rage?

Kada wanda ya kai shekara 50 ya ce sai ya koma jikinsa na ranar aure. Ragi kaɗan ma yana da amfani ƙwarai. A Amurka an yi wani babban bincike wanda aka buga sakamakonsa a 2002, da mutum 3,234 waɗanda sukarin jininsu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba tukuna. Aka ce wa waɗansunsu su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma motsa jiki minti 150 kowane mako, yawanci da tafiya. Bayan wajen shekara uku, kamuwa da ciwon sukari a cikinsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba ƙwayar magani kuwa, da kashi 31 ya ragu.

Uwargidan nan mai kilo 80, kashi 7 cikin 100 nata bai kai kilo 6 ba. Saboda haka burinta na fari shi ne kilo 75. Ragi mai kyau shi ne rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. In ta bi da rabin kilo, cikin wata uku ta kai. Sannu ba ta hana zuwa.

Yadda za a riƙe littafi

A ja layi a raba shafi gida huɗu: kwanan wata, nauyi, faɗin ciki, da mintocin tafiya na makon. Sa'an nan a kiyaye waɗannan:

1. A hau sikeli sau ɗaya a mako, a rana ɗaya, misali kowace Asabar.
2. A auna da safe, bayan an zaga, kafin karin kumallo, da tufafi marasa nauyi.
3. Kullum sikeli ɗaya. In babu a gida, a zaɓi na asibiti ko na kantin magani guda, a tsaya a kansa, gama sikeli biyu ba safai bakinsu kan zo ɗaya ba.
4. A ajiye sikelin a kan daɓen siminti. A kan tabarma ko darduma yakan yi ƙarya.
5. A auna ciki sau ɗaya a wata.

Dalilin wannan tsari shi ne, nauyin mutum yakan hau ya sauka da kilo ɗaya ko biyu cikin yini guda. Ruwan da aka sha, da gishirin miyar jiya, da abincin da bai fita ba tukuna, da kusantowar al'adar mace, dukansu suna motsa sikeli, babu kuwa ko ɗaya da yake kitse ne. Mai hawa sikeli safe da yamma wahalar da zuciyarsa kawai zai yi.

A ce littafin uwargida ya nuna haka: ranar fari kilo 80, sai 78.5, sai 79, sai 78.5, sai 78. Faɗuwar makon fari yawancinta ruwa ne, domin sa'ad da aka rage cin tuwo jiki yakan ƙone sukarin da ya ajiye a hanta da tsoka, ruwan da ke tare da shi kuma ya fita. Hawan mako na biyu ba abin tsoro ba ne. Abin dubawa shi ne farkon wata da ƙarshensa: kilo 2 sun tafi. Wannan shi ne ci gaba sosai.

A bayan littafin kuma a riƙa rubuta abin da aka ci kowace rana, har da gyaɗar da aka tauna a hanya da loman da aka ɗanɗana a bakin murhu. A wani bincike na 2008, a Amurka, da mutum wajen 1,700, waɗanda suka riƙa rubuta abincinsu kullum sun rage ninki biyu na abin da marasa rubutu suka rage. Abin da hannu ya rubuta, baki ba ya musunsa.

Gyaran tukunya

Ana auna ƙarfin da abinci ke ba jiki da kalori. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Don a rage rabin kilo a mako, sai abin da jiki ya ƙone ya fi abin da aka ci da wajen kalori 550 kowace rana. Ba sai an zauna da yunwa ba.

Cokali babba ɗaya na mai, ko man ja ne ko man gyaɗa, yana da kalori wajen 120. Kwalba ɗaya ta lemo mai gas tana da sukari wajen ƙaramin cokali 9, watau kalori wajen 150. Wanda ya bar kwalba ɗaya a rana, ya rage cokali biyu na mai daga abin da yake ci, ya kuma yi tafiyar minti 30, ya kusa cika lissafinsa ke nan.

Ga waɗansu shawarwari ga mai girki:

A riƙa auna mai da cokali, kada a tuttula daga kwalba. A raba kwano gida huɗu: biyu ganye da miya, ɗaya tuwo ko shinkafa ko doya, ɗaya wake ko kifi ko ƙwai ko nama marar kitse. Malmalar tuwo kada ta fi dunƙulen hannun mai cinta. Allah ya wadata mu da zogale, da rama, da alayyafo, da yakuwa, da kuɓewa, da kabewa, waɗanda ke cika ciki ba tare da ƙara kitse ba. Gwate mai ganye da yawa, da kwaɗon zogale marar mai, da alale, sun fi soyayyen abu. Ƙosai, da fanke, da cincin, da soyayyar doya, a mai da su na loto-loto. Kunu da zoɓo da shayi, a riƙa rage sukarinsu kaɗan kaɗan har harshe ya saba. Giya da burkutu ma suna ajiye tumbi.

Gishiri ba ya sa kitse, amma yana riƙe ruwa a jiki, yana kuma ta da hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, watau ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Daddawa, da albasa, da citta, da tafarnuwa za su taimaka a rage shi.

Kada a yi wa mai rage ƙiba tukunya dabam. Abincin nan ya dace da kowa a gida, sai dai yara masu girma a ƙara musu rabonsu.

Tafiya

Bisa ga shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020, babba yana bukatar motsa jiki minti 150 zuwa 300 a mako. Minti 30 a rana, kwana biyar a mako, ya cika 150. Tafiyar ta zama da ɗan sauri, yadda numfashi zai ƙaru, mutum yana iya magana amma ba ya iya rera waƙa. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti 10, ya riƙa ƙara minti 5 kowane mako. Ana iya raba ta, rabi da safe rabi da yamma. Da bazara a fita kafin rana ta yi zafi, a sha ruwa, a sa takalmin da ba ya matse ƙafa.

Masu wayar hannu da ke ƙidaya taku sukan ji ana cewa sai an yi taku 10,000 a rana. Wannan adadi ya samo asali ne daga sunan wata na'urar ƙidaya taku da wani kamfani ya fitar a Japan a 1965. A 2019 masana a Jami'ar Harvard sun buga bincike a kan tsofaffin mata fiye da 16,000. Sun ga masu taku wajen 4,400 a rana mutuwa ta yi ƙaranci a cikinsu fiye da masu 2,700, amfanin kuma ya yi ta ƙaruwa har wajen 7,500. Saboda haka kowa ya fara daga inda yake. Tafiyar minti 30 da sauri takan ba da taku wajen 3,000.

In kasuwa, ko gona, ko majami'a ba su da nisa, a bar acaɓa ya wuce. Maigida da uwargida su fita tare in ya yiwu, ko mata biyu uku na zumunta su sa lokaci. Wanda ya san ana jiransa a ƙofar gida, da wuya ya koma barci.

In sikeli ya tsaya

Bayan wata uku ko shida, kusan kowa yakan ga nauyi ya ƙi sauka. Haka jiki yake: da ya ragu, abin da yake ƙonewa ma ya ragu. A nan ne littafi zai yi aikinsa. A duba, ko mai ya koma yadda yake dā? Ko mintocin tafiya sun ragu da damina? In haka ne a gyara. In ba haka ba, a ƙara minti 10 a kan tafiyar. A kuma duba sauran alamu: igiya ta kusa haɗuwa, zane ya fara yin sako-sako, an matsa ramin bel, hawan tudu ba ya sa haki kamar dā, awon jini a asibiti ya sauka.

Lokacin Kirsimeti da na bukukuwan aure sikeli zai hau. A rubuta gaskiya, ranar Litinin a koma kan hanya.

Gargaɗi

Mace mai ciki kada ta shiga rage nauyi, mai goyo kuma ta nemi shawara a asibiti tukuna. Mai shan maganin sukari ko na hawan jini ya gaya wa likita kafin ya fara, gama mai yiwuwa a rage masa magani yayinda nauyi ke sauka, amma kada ya daina sha da kansa. In ana cikin tafiya aka ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, a tsaya, a tafi asibiti. A guji shayi da ƙwayoyin rage tumbi na kasuwa. Da yawansu zawo da fitsari kawai suke sawa, ruwa ya fita, kitse yana nan, waɗansu kuma suna yi wa ƙoda da hanta lahani. Wanda kuwa yake ramewa ba tare da ya nema ba, kada ya yi murna. Ciwon sukari, da tarin fuka, da ƙanjamau, da ciwon daji sukan fara da haka, lalle ya je a duba shi.

Asabar mai zuwa, ku nemi littafi da igiya, ku rubuta layi na fari. A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba hawan jini da yadda ake auna shi. Ku huta lafiya.