Kafin ku ce "a sayo sabon VFD", ku duba ramin kati 🧵

1/ Jama'a, musamman 'yan injiniyan lantarki da masu haɗa fanel, ku matso. Ra'ayina shi ne: sau da yawa idan aka ce VFD ya yi kaɗan a canza shi, ƙarfinsa lafiya lau yake. Wurin ɗaura wayoyi ne ya ƙare. Kati ɗaya zai iya raba gardama.

2/ Ga waɗanda ba 'yan harkar ba: VFD shi ne akwatin da ke sarrafa gudun moton masana'anta. Wutarmu 50Hz ce. Moto mai fol 4 in ka jona shi kai tsaye, kusan juyi 1500 zai riƙa yi a minti, ko kana so ko ba ka so. VFD na rage ko ƙara wannan 50 ɗin, gudu ya bi.

3/ To ta ina yake sanin abin da ake so? Ta bakunan shiga da fita. Wasu "kunna ko kashe" kawai suke ji, da 24V. Wasu suna karanta awo daga sansa, 0–10V ko 4–20mA. Na fita kuma, kamar rile, su ne ke kunna fitila ko jiniya in an samu matsala.

4/ Bakunan nan ƙidayayyu ne. Ɗauki famfon ruwa a kamfanin casar shinkafa: maɓallin tashi, na tsayawa, alamar tanki ya cika, alamar ya yi ƙasa, sansar matsin ruwa. Sai oga ya ce a ƙara awon zafin moto da jiniya. Shi ke nan, ba wuri.

5/ Kamfanonin sun san da haka, shi ya sa suka bar rami a jiki. ABB ACS880 yana karɓar FIO-01, mai ƙara bakuna 4 na shiga ko fita da rile 2. Danfoss na da MCB 105 mai rile 3. Ka soka, ka saita a menu, moto da manyan wayoyinsa ba a taɓa su ba.

6/ Kar ku ɗauka ado ne fa, kuɗi ne. A famfo da fanka, in ka rage gudu zuwa kashi 80, wutar da yake ci a lissafi tana komawa kusan rabi: 0.8×0.8×0.8 = 0.51. Amma sai VFD ya ji matsin ruwan kafin ya rage da kansa. Mai ƙona dizal a Sharaɗa ko Bompai ya san darajar rabin nan.

7/ VFD da ba a ba shi sansa ba, an kafe shi a 50Hz dare da rana, doki ne aka saya da tsada aka bar shi a turke.

8/ Na san wani zai ce "Malam, a sa PLC mana." Gaskiya ne, in injuna goma ke jiran juna, PLC ne wurin. Amma don ƙarin waya uku? Ga kuɗinsa, ga wurin ajiye shi, ga mai rubuta masa furogiram wanda in ya yi tafiya aiki ya tsaya.

9/ Sai dai a kula, don Allah. A wutar 400V, kafasitocin ciki na riƙe sama da 500V bayan an kashe. Ka jira mintocin da aka rubuta a jikin akwatin, ka auna da mita, sannan ka sa hannu. Rai ba shi da sifiya.

10/ Maɓallin tsayar da gaggawa kuma kar a bi da shi ta katin nan. Yana da nasa bakin na musamman, STO. Wayar sansa a sa mai sulke, a raba mata hanya da wayar moto, in ba haka ba awon zai yi ta rawa. Kuma kati sai na gidansu: na ABB ba ya shiga Danfoss.

11/ 'Yan uwana masu zuwa SIWES: kar ku ƙare wata shida kuna riƙe wa oga tocila. Ku roƙi littafin VFD ɗin, ku buɗe shafin zanen wayoyi, ku ƙirga bakunan da aka ci da waɗanda suka rage. Wanda ya iya wannan, shi za a kira kafin a kira dila.

12/ Masu fanel, wane kati kuka fi samu a kasuwa? Ku ajiye mana a ƙasa. 👇